Labulen toshe haske da na ɗinka a Kasuwar Utaibiyya: abin da na gani bayan wata biyar

Tun shekarar 2023 nake aikin dare a teburin karɓar baƙi na wani otal da ke kusa da Harami a Makka. Dawam ɗina, kamar yadda muke kiran lokacin aiki a nan, yana farawa ƙarfe 11 na dare ya ƙare ƙarfe 7 na safe, kuma a lokacin Umara babu sa'ar da motocin baƙi ba sa tsayawa a ƙofarmu daga Jidda ko Madina, don haka ko gyangyaɗi ba ya samuwa. Ƙa'idar aikin dare da ta fara aiki a Saudiyya a farkon 2020 ta ce kada a bar ma'aikaci a kan dare fiye da wata uku a jere sai da amincewarsa, ni kuwa na amince saboda ƙarin kuɗin da ake biya da nauyin iyali. Abin da ban yi lissafinsa ba shi ne barcin rana. Nakan isa gida a Sharar Mansur jikina a mace, in kwanta ƙarfe 8, amma kafin ƙarfe 10 idona ya bushe kamar wanda aka watsa wa ruwa, in yi ta juyi a kan katifa har a kira Azahar.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan gajiya da tunanin gida, sai daga baya na fahimci cewa taga ce babbar mai laifi. A cikin ƙwaƙwalwa, sama kaɗan da inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna, akwai wani ɗan wuri da ke aiki kamar agogo, kuma da hasken da ya shiga ido yake saita kansa. Idan duhu ya yi sai jiki ya saki sinadarin melatonin mai shirya mutum don barci, idan haske ya bayyana sai ya tsayar da shi, kuma fatar ido ba ta isa ta tare hasken rana gaba ɗaya ba. Binciken yadda wannan agogo ke tafiya a cikin ƙwayoyin halitta ne ya sa aka ba Amurkawa uku, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, kyautar Nobel ta likitanci a 2017. Mai aikin dare yana kwanciya ne daidai lokacin da agogon jikinsa ke ce masa ya tashi, to idan ɗakin ma ya cika da haske, ya haɗa wa kansa abokan gaba biyu.

Na fara da rataya bargo a taga, ya yi ta zamewa. Na koma liƙa ƙasdir, takardar alminiyam ɗin nan da ake naɗe abinci, kamar yadda 'yan'uwanmu da yawa ke yi. Gaskiya ƙasdir yana tare haske sosai kuma kuɗinsa ba shi da yawa, sai dai ya mayar da ɗakin kogo dare da rana, ga shi uwargida da yara su ma suna da haƙƙi a ɗakin idan na tashi.

Wani dattijo da muke aiki tare ne ya tura ni wani shagon ɗinkin labule a Kasuwar Utaibiyya. A can na tarar da yaron shago, Bahaushe haifaffen Makka, wanda ya shimfiɗa mini yadi iri biyu da duk ake sayarwa da sunan masu toshe haske. Na farko saƙa ce mai hawa uku, an ratsa baƙin zare a tsakiyarta. Yana da laushi, yana sauka da kyau, kuma shi ido ya fi so. Na biyu an shafe bayansa da wani abu mai kama da roba, yana da nauyi da ɗan tauri, bayan nasa fari fat. Da na tsaya ina shawara sai ya ce, "Kawu, kunna fitilar wayarka ka ɗora a bayan kowanne, idonka zai gaya maka." Na yi hakan. A na farko haske ya ɓullo kamar wata a bayan gajimare, a na biyu kuwa ban ga komai ba. Wannan gwaji na minti ɗaya ya fi duk wani bayani da ke jikin takardar kaya amfani, kuma ina yaba wa shagon da bai ɓoye mini shi ba, alhali na farkon ya fi tsada. Na zaɓi na biyu, na biya riyal 260 har da sandar ratayewa da kuɗin kafawa.

A wajen awo aka samu tangarɗa, kuma a nan nake so mai karatu ya fi natsuwa. Na kai musu awon taga daidai da daidai, su kuma suka yanka yadda na faɗa ba tare da sun tambaye ni dalilin sayen ba. Ranar farko da na kwanta, yadin ya tsare tsakiya, amma rana ta zagayo ta gefe biyu da ta sama, ta zana farin layi a bango da rufi, kuma a cikin duhu irin wannan siririn haske ya fi ɗaukar ido. Mai sana'ar labule ya kamata ya san haka ya faɗa tun farko. Na koma, suka karɓi gyara ba tare da musu ba, na ƙara riyal 70. Aka ƙara faɗinsa ya wuce taga da santimita 20 kowane gefe, aka ɗaga sandar kusa da rufi, ya sauka har ƙasa, ɓangarorin biyu suka hau kan juna a tsakiya, sannan aka liƙa wa gefunansa irin madaurin nan mai mannewa da ake sa wa takalman yara, don su kama bango. Wani abin da ya sosa mini rai shi ne mai kafawa ya yi alkawarin zuwa bayan La'asar, sai ga shi bayan kwana biyu da ƙarfe 10 na safe yana buga ƙofa, a tsakiyar barcin da aka sayi labulen dominsa.

Sauran ƙofofin haske ni na toshe su da kaina. Gidajenmu na da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, irin na ramin bango, kuma kusan kullum akwai tazara a kewayensa, don haka na cusa soso a wurin, na kuma shimfiɗa tsohon tawul a ƙasan ƙofa. Kada a kuskura a bar labulen ya rufe mukayyif ɗin, domin sanyin zai maƙale a bayansa.

Bayan wannan gyara ne na ga amfanin kuɗina. Yanzu ina barci daga ƙarfe 8 har zuwa Azahar ba tare da farkawa ba a mafi yawan ranaku, in yi salla in ci abinci, sannan in koma ƙailula har La'asar. Idan an haɗa yakan kai awa shida da rabi. Bai cika awa 7 da likitoci ke cewa baligi na buƙata ba, amma tsakaninsa da awa biyu zuwa uku da nake samu a da akwai tazara mai nisa, kuma na ga alamar hakan a wurin aiki, musamman wajen ƙarfe 4 na asuba, lokacin da jiki ya fi mutuwa kuma na fi yin kuskure a rubuta lambar fasfo. Farin bayan yadin kuma yana mayar da zafi, abin da ba za a raina ba a garin da zafinsa kan haura digiri 45 a bazara.

Yana da nasa aibin. Ya yi kusan mako guda yana warin roba, har sai da na riƙa buɗe taga da yamma. An gargaɗe ni kada in sa shi a injin wanki da ruwan zafi, domin shafen bayansa zai tsattsage, saboda haka goge shi kawai muke yi da jiƙaƙƙen tsumma. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne duhun yana ɓatar da lokaci: sau biyu a makon farko na farka na tarar Azahar ta wuce, La'asar na shirin shiga, kuma wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai. Tun daga nan nake ajiye waya da ƙararrawarta nesa da gado, kuma da zarar na tashi nake yaye labulen gaba ɗaya don haske ya kore nauyin kai. Ranar Juma'a uwargida ce ke tashe ni tun ƙarfe 11.

Labule ba ya tare ƙara, ko da mai shago ya ce yana ragewa. Hon ɗin motoci da hayaniyar masu gini da dawowar yara daga makaranta duk suna shigowa, sai da na sayi abin toshe kunne na soso a saidaliyya, wato kantin magani. Haka kuma ba ya gyara abin da mutum ya ɓata kafin ya iso gida. Gahawa da dabino ba sa yankewa a teburinmu, ga shi sinadarin kafeyin mai hana barci da ke cikin gahawa da shayi yakan ɗauki kimanin awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki, don haka na daina sha daga ƙarfe 3 na dare. Ina kuma sa baƙin tabarau a motar haya idan zan koma gida, don kada hasken safiya ya farkar da agogon jiki tun a hanya.

Ina ɗaukar wannan magana da muhimmanci saboda lafiya ce. A 2019 hukumar binciken cutar daji (kansa) ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai mazauni a Liyon ta Faransa, ta sake sanya aikin dare cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa cutar, kuma an daɗe ana danganta ƙarancin barci da hawan jini da ciwon sukari. Wanda ya duhunta ɗakinsa amma barcin ya ƙi zuwa, ko aka ce masa numfashinsa na ɗaukewa idan yana minshari, likita ya kamata ya gani, kada ya fara haɗiyar ƙwayar barci da shawarar aboki.

Ga mai ɗakin kansa ko mai zama da iyali a shiƙƙa, wato sashen gida na kansu, ina ba da shawarar wannan labule ba tare da jinkiri ba, da sharaɗin ya gwada yadin da fitila, ya ƙara awo, ya kuma tsayar da lokacin zuwan mai kafawa. Wanda ke sakan, wato masaukin ma'aikata na kamfani, mutum shida a ɗaki kowa da dawam ɗinsa, kada ya kashe riyal 330 kamar ni, domin wani zai kunna fitila ko ya buɗe ƙofa. Abin rufe ido mai kauri da soson kunne sun fi dacewa da shi. Ɗan yayata zai fara gadin dare a wata mai zuwa, kuma na riga na auna tagarsa da kaina, har da ƙarin santimita 20 ɗin.