Wata huɗu da masu jinyar gida a ɗakin Inna

An sallami Inna daga Asibitin Malam Aminu Kano da shanyewar ɓarin jiki na dama, ga hawan jini, ga ciwon sukari. Ni ina aji tun safe har azahar, ƙanwata tana da goyo, yayanmu kuma yana Kaduna. Da nauyin zuciya na kira wani kamfanin masu jinya a gida, don kun san halinmu, a ce kin ɗauko bare ya kula da mahaifiyarki sai ya zama abin magana a dangi.

Kafin in sa hannu na nemi takardar rajistarsu da PHIMA, hukumar da ke sa ido kan cibiyoyin lafiya masu zaman kansu a Kano, da lasisin wadda za su turo daga hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa. Manajan bai ɓata rai ba, ya nuna mini duka.

Sistar da suka turo, Allah ya saka mata da alheri. Ranar farko, daga gaisuwa sai wanke hannu, sannan ta yaye zanin gado ta bi ƙugun Inna da dugaduganta da kafaɗunta. Ta kira ni ta nuna mini wani wuri a ƙugun kamar faɗin tafin hannun jariri, ya fi sauran fatar duhu, da ɗumi idan aka taɓa. Ta ce, "Anti, gyambon kwanciya ke shirin fitowa. A fatarmu ba ja yake yi ba, duhu yake ƙarawa." Kwana goma muna wa Inna wanka, ba wanda ya lura. Daga ranar duk awa 2 sai ta juya ta, ta sa matashi tsakanin gwiwoyinta. Kuma ba ta taɓa kai hannu jikinta ba tare da ta ce, "Hajiya, zan juya ki, ki yi haƙuri" ba. Inna, da bakin da ya karkace, sai ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata."

A wurinta na koyi cewa tsinkakken ruwa ya fi saurin ƙware mai irin wannan ciwo, shi ya sa take kaurara kunu, ta zaunar da ita sosai, ba ta kwantar da ita sai bayan rabin awa. Tana da littafi a gefen gado: awon jini, awon sukari, lokacin magani, abin da aka ci. Idan lokacin salla ya yi ta kawo mata dutsen taimama, ta gyara mata ɗankwali.

A mako na bakwai aka yi wa sistar rasuwa, kamfanin ya turo wata ba tare da ya sanar da ni ba. Farin kaya ta saka, ƙanwata ta buɗe mata ƙofa. Da safen Inna ta ƙi cin komai, amma matar ta yi mata allurar insulin, mai sauke sukarin jini, kamar kullum, ba ta auna sukari ba. Na dawo na tarar da Inna sharkaf da gumi, hannunta na rawa, maganarta ta ƙara sarƙewa. Na ɗauko na'urar awon sukari na auna: 58. Ƙasa da 70 kuwa sukari ya riga ya faɗi. Sistar farko na kira tana gidan makoki, ita ta yi ta faɗa mini abin da zan yi har muka isa asibiti. Lambar gaggawa ta kamfanin na buga sau huɗu, ba a ɗaga ba.

Da na dawo da daddare na ga allurar a buɗe cikin kwandon shara, wurin da ɗan ƙanwata ke rarrafe. Littafin kuwa ba a rubuta ko layi ɗaya ba. Daga baya suka amsa cewa matar mataimakiya ce, aikinta wanka da ba da abinci, ba ta da hurumin yin allura. Wannan ya fi komai ƙona mini rai, don sun san wadda suka turo, kuma sun san halin da Inna ke ciki.

Sun ba da haƙuri, sun cire kuɗin kwanakin. Na sabunta yarjejeniyar saboda sistar nan kaɗai, da sharuɗɗa a rubuce: ba a canza mai jinya sai an kira ni, duk wadda za ta yi allura sai na ga lasisinta, kuma su kawo akwatin zuba allurai. Sun kawo.

Ƙugun Inna ya warke ba tare da ya fashe ba, yanzu tana riƙe cokali da hagu. Makon jiya an turo wata ta kwana biyu. Na tsayar da ita a soro na duba katinta, na miƙa mata littafin ta karanta shafin jiya, sannan na ɗaga mata labule.