Saudiyya ko Tailan: ina sabon malamin Turanci zai nufa?

Wanda ya gama samun horon koyar da Turanci, idan ka ce ya zaɓa, Saudiyya zai fara ambata. Dalili a fili yake: ba a cire haraji a albashi, makarantu da yawa suna ba da gida da tikitin jirgi, ga Umara kusa. Sai dai ƙofar tana da ƙunci. Jami'o'in Riyad da Jidda sukan nemi wanda ya yi shekaru yana koyarwa, wasu har da digiri na biyu. Sabon hannu yakan aika takarda ya ji shiru.

Tailan kuwa ta fi karɓar sabon shiga. Zangon karatu na farawa a watan Mayu, don haka tun Maris makarantu ke neman malamai. Ana buƙatar digiri, kuma wanda ba a ɗauki Turanci a matsayin harshensa na haihuwa ba akan sa shi ya kawo sakamakon TOEIC, wato jarrabawar gwada iya Turanci. Albashin ba ya tara abin kirki, ɗan Afirka kuma sau da yawa ana ba shi ƙasa da na Bature, ko da ya fi shi iya riƙe aji. Ajin ma fa cike yake da yara, ga zafi, fanka na ta kaɗawa a sama. Abincin halal bai da wuyar samu a Bankok, balle a kudu, wajen Pattani, inda Musulmi suka fi yawa.

Ni dai da zan ba ƙanena shawara, sai in ce ya yi shekara biyu a Tailan tukuna, sannan ya nemi Jidda.