Sharhi a kan CS50, darasin Harvard na kyauta ga mai fara koyon rubuta manhajar kwamfuta

CS50 darasi ne na share fagen kimiyyar kwamfuta da ake koyarwa a Jami'ar Harvard ta Amurka, kuma Farfesa David Malan ne yake jagorantarsa tun 2007. A 2012 aka buɗe shi ga kowa ta intanet a dandalin edX, ta yadda wanda bai taɓa taka ƙofar jami'a ba zai kalli laccocin da ake yi wa ɗaliban Harvard, ya kuma yi irin aikin gidan da ake ba su, ba tare da ya biya ko sisi ba. A ganina da wuya mai farawa ya sami abin da ya fi shi, muddin dai ya san cewa ba gajeriyar hanya ba ce.

Ana farawa ne da Scratch, manhajar da MIT, jami'ar kimiyya da fasaha ta Amurka, ta ƙirƙira domin yara, inda ake jawo tubala masu launi a jona su maimakon a rubuta umarni. A nan ɗalibi yake fara gane yadda ake gindaya wa kwamfuta sharaɗi da yadda ake sa ta maimaita aiki. A wannan laccar ne kuma Malan yake ɗaukar littafin lambobin waya ya yaga shi biyu, ya jefar da rabin da sunan da ake nema ba ya ciki, ya ci gaba da haka, domin ya nuna cewa a littafi mai shafi 1,000 yaga kusan 10 ta isa a kai ga shafin da ake so. Duk darasin a kan wannan tunani aka gina shi, wato a tsara yadda za a warware matsala kafin a taɓa madannai.

Daga nan sai makonni biyar na C, harshen rubuta manhajar kwamfuta, kuma a nan ne guiwar mutane da yawa take yin sanyi. C tsohon harshe ne da Dennis Ritchie ya ƙirƙira a farkon shekarun 1970, ba ya kuma yafiya, domin waƙafi mai ruwa guda ɗaya da aka manta yana hana manhaja tashi, sannan ɗalibi da kansa yake neman gurbi a ma'adanar kwamfuta, ya mayar da shi idan ya gama. Wasu suna ganin wahalar da mai farawa kawai ake yi. Ban yarda da su ba, saboda idan aka iso harshen Python bayan makonnin C, aikin da ya ci layuka masu yawa a C sai ya koma 'yan layuka, ɗalibi kuma ya riga ya san abin da harshen yake yi masa a ɓoye. Da yawa daga ayyukan gidan suna zuwa kashi biyu, mai sauƙi da mai tsauri, don haka babu dalilin da zai sa sabon shiga ya maƙale a kan Tideman, aikin ƙirga ƙuri'un zaɓe da ya yi suna wajen wahala.

Kayan aikin sun cancanci yabo. Da asusun GitHub, dandalin masu rubuta manhaja, kawai ake buɗe shafin cs50.dev a rubuta komai a ciki, umarnin check50 yana gwada aikin nan take ya nuna inda ya gaza, akwai kuma mataimaki mai ƙirƙirarriyar basira, mai siffar agwagwa, wanda aka tsara shi ya yi nuni ba tare da ya ba da amsa kai tsaye ba. Wanda ya ci aƙalla kashi 70 cikin 100 a kowane aiki, haɗe da aikin ƙarshe, yana samun takardar shaida kyauta daga CS50. Takardar shaidar edX ce ake biya.

Sai dai akwai cikas. Malan yana da saurin magana, da Turanci ake komai, lacca ɗaya kuma takan kai awa biyu ko fiye. Shafin aikin ba ya tafiya sai da intanet, kuma waya ta isa kallon lacca amma rubuta C a kanta azaba ce, abin da ke da nauyi ga mai fama da tsadar data da ɗaukewar wuta. Sauke bidiyon a ƙaramin girma da karanta rubutattun bayanan kowace lacca suna rage kashe kuɗi. Makonnin ƙarshe kuma a guje ake wuce su: SQL, harshen sarrafa rumbun bayanai, mako ɗaya, HTML da CSS da JavaScript, harsunan gina shafukan intanet, duka a mako ɗaya, don haka kada wanda ya kammala ya ɗauka ya isa neman aiki da shi kaɗai.

Wanda C ya gagare shi bayan ya yi iya ƙoƙarinsa yana iya komawa CS50P, darasin Python zalla da Malan ɗin yake koyarwa, shi ma kyauta, sannan ya dawo daga baya.