Shayi da kafson wutsiyar doki: yana sa fitsari, sauran kuma talla ce

A wasu kemis da shagunan maganin gargajiya na Birnin Kebbi, da kuma tallace-tallacen WhatsApp, ana cin karo da wani magani da aka rubuta Horsetail a jikin kwalinsa, wato wutsiyar doki. Yana zuwa a buhunan shayi ko a kafso. Masu sayarwa na cewa yana tsawaita gashi, yana ƙarfafa farce da ƙashi, yana wanke ƙoda. Amma abu ɗaya ne kawai ke da madogara: yana ƙara yawan fitsari.

Daga waje ake shigo da shi. Sunan tsiron a wurin masana Equisetum arvense, yana son wuri mai danshi a Turai, Asiya da Arewacin Amurka, ba ya fure, kuma koren karansa ake busarwa. Idan ka murza busasshensa za ka ji kaushi kamar yashi. Sinadarin silika ke nan, wanda ke kai kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinsa, irin wanda ke sa buntun shinkafa kaushi. Shi ya sa a da Turawa ke goge tukwane da shi. A kan wannan silikar aka gina tallar gashi da farce, amma yawancinta ba ta narkewa a ruwan shayi, kuma hujjar cewa tana tsirar da gashi ba ta da ƙwari. Wadda gashinta ke zuba, gara ta fara auna jininta.

Abin da ake ganin yana aikin fitsarin su ne sinadaran filabonoyid da gishirin fotashiyam da ke cikinsa. A 2014 an yi gwaji a Birazil da maza 36 masu lafiya, aka ba su miligiram 900 na maganin da aka tato daga tsiron a rana, fitsarinsu ya ƙaru daidai da na masu shan miligiram 25 na hydrochlorothiazide, wani maganin hawan jini mai sa fitsari. Gwaji ne ƙarami na 'yan kwanaki, kuma a kan lafiyayyu, don haka kada mai hawan jini ya ajiye maganin asibiti saboda shi.

Ma'aunin da aka amince da shi a Jamus giram 6 ne na busasshen tsiron a rana. A zuba giram 2, kimanin cokalin shayi 2, cikin ruwa mililita 150, a tafasa minti 5, a bar shi ya jiƙa minti 10 zuwa 15, a tace. Sau 3 a rana, tare da shan ruwa sosai, kuma kada a wuce mako 2 zuwa 4. Ɗanɗanonsa lami ne, kamar an jiƙa ciyawa.

Inda muka fi damuwa shi ne tiyaminas, wani sinadari a cikinsa mai lalata bitamin B1. Dawakin da suka daɗe suna cin tsiron cikin harawa sukan rame su riƙa tangaɗi saboda haka. A gidan da farar shinkafa ce abincin rana da dare, B1 da ma kaɗan ne, domin yana tafiya da dusa wurin gogewa. Tafasawa na rage ƙarfin tiyaminas, saboda haka dafaffen shayi ya fi kafson ɗanyen gari kwanciyar hankali. Idan kafso za a saya, a nemi wanda aka rubuta an cire wannan sinadarin.

A duba sunan Latin ɗin ma. Akwai ɗan'uwansa Equisetum palustre mai ɗauke da dafin palustrine, kuma in aka daka su gari ido ba ya raba su. Kwalin da ba shi da cikakken suna, lambar NAFDAC da ranar daina aiki, a bar wa mai shi kayansa.

Mai ciki, mai shayarwa, yaro ƙasa da shekara 12, mai ciwon ƙoda ko zuciya da aka taƙaita wa ruwa, da mai shan Lasix (maganin sa fitsari), digoxin (maganin zuciya) ko lithium (maganin taɓin hankali), duk ba nasu ba ne. Haka mai azumi a zafin Afrilu, lokacin da Birnin Kebbi ke haura digiri 40: shan abin da ke fitar da ruwa da sahur kiran jiri ne da bushewar jiki kafin la'asar.

Masu kamun kifi da noman fadama a Argungu da Yawuri, idan kuka ga jini a ƙarshen fitsari, sau da yawa tsargiya ce. Wannan shayin ba ya kashe tsutsarta. A je asibiti a auna fitsari, maganinta praziquantel ne, kuma bisa nauyin jiki ake ba da shi.