Gargaɗi ga masu babur: a kula da masu cewa "CDI ya ƙone" ko "sai an sauke inji"

'Yan uwa masu babura, musamman 'yan acaɓa da 'yan kabu-kabu, akwai wata cuta da wasu makanikan bakin titi ke yi tare da haɗin bakin wasu masu sayar da kayan gyara. Ba duk makanikai ba ne, da yawansu masu amana ne, amma waɗannan 'yan tsirarun sun gano cewa mutumin da ya turo babur cikin rana, gumi na zuba, duk abin da aka faɗa masa zai yarda.

Ga yadda suke yi. Ka kawo Boxer ko Jincheng ɗinka ya ƙi tashi. Bakanike ya buga kik sau biyu, ya girgiza kai, ya ce, "Alhaji, CDI ne ya ƙone," wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar da ke zuwa fulogi. Nan take a aiki yaro shagon wanda aka riga aka shirya da shi, a ɗora wa kayan kuɗi, bakanike ya karɓi kasonsa da yamma. A lokacin da yake ɗaura sabon, sai ya goge fulogi ya matse soket ɗin da ya saki, wanda shi ne ainihin matsalar. Babur ya tashi, kai ka yi godiya. Naka CDI ɗin, wanda lafiyarsa ƙalau, ya shiga akwatin kayan aiki, gobe a sayar wa wani a matsayin na hannu. Abin da ya fi ciwo, sau da yawa wanda aka cire maka shi ne na kamfani, wanda aka sa maka jabu ne da ba zai yi wata uku ba.

Inji yana buƙatar abu uku kafin ya tashi: wuta, mai da ya gauraya da iska, da matsin iska a cikin silinda. Duk wanda bai gwada ukun nan a gabanka ba, bai san abin da ya lalace ba, ko kuma ya sani yana ɓoyewa.

Fara da abin da ba ya cin ko sisi. Duba jan makunnin kashe inji da ke hannun dama idan babur ɗinka yana da shi, domin yara kan taɓa shi a gida. Duba makunnin mai, juya shi zuwa RES, wato wajen man ajiya. Zare tiyon da ke shiga kafireta, mai ya zubo a jere ba ɗigo-ɗigo ba. Idan babur yana tafiya ya mutu bayan 'yan mintuna, buɗe murfin tanki. In ka ji tankin ya ja iska sannan babur ya tashi, ƙaramar ƙofar iska da ke murfin ce ta toshe, allura ta isa gyara ta.

Sai wuta, kuma nan ne aka fi cutar mutane. Kwance fulogi, mayar da shi cikin hularsa, jingina ƙarfensa da jikin inji, kunna makulli, a buga kik. Kada ka riƙe ƙarfen da hannu, kuma ka nisanta shi da ramin fulogin in akwai warin mai. Tartsatsi shuɗi mai ƙara yana nuna CDI da kwayil suna aiki, maganar ƙonewa ta faɗi a nan. In babu wuta ko ta fito ja-ja mai rauni, a gwada da wani fulogin kafin a taɓa komai. Tazarar bakin fulogi a yawancin injinan 100 zuwa 125 milimita 0.6 ce zuwa 0.7. In sabon fulogi ma bai ba da wuta ba, a cire hular, a yanke kamar santimita ɗaya daga bakin wayar inda ta yi tsatsa, a mayar. A duba soket ɗin CDI ko ya yi kore saboda ruwan damina ko wankin babur, a duba wayar da aka ɗaure a jikin firam. A yawancin baburan China akwai waya baƙa mai ratsin fari wadda ke kashe wuta daga makulli, in aka zare ta wuta ta dawo, to makullin ne ya lalace. Bayan duk wannan ne ake zargin kwayil ɗin cikin magineto, wato ɓangaren inji da ke samar da wuta, ko CDI.

Ko an kai nan, akwai gwajin da ke tona asiri. In an sa sabon CDI babur ya tashi, ka ce, "Oga, don Allah mayar da tsohon mu gani." Aikin minti biyu ne. In ya tashi da tsohon, ka san inda aka dosa. Bakanike mai gaskiya ba ya jin haushin wannan roƙo, shi da kansa ma yakan yi gwajin kafin a sayi komai.

Launin fulogi ma yana magana. In ya jiƙe da fetur, mai ya yi wa inji yawa, galibi saboda an bar cok a ja ko an yi ta murɗa totur. Rufe makunnin mai, mayar da cok, buga kik kamar sau goma fulogi yana waje, busar da shi, ka mayar. In ya bushe ƙamas bayan an sha buga kik, mai ba ya isowa. Akwai ɗan sukuru a gindin kafireta, kwance shi ka tari man a kwalba mai haske. Ruwa zai kwanta a ƙasa, fetur a sama. Wannan ya zama ruwan dare tun da farashin mai ya tashi a 2023 mutane suka ƙara dogaro da man kwalba na 'yan bumburutu. Maganinsa a zubar da man, a wanke kafireta, a hura jet, wato 'yar ƙofar da mai ke bi a cikinta. Ba a sayen sabuwar kafireta saboda datti.

Babbar damfarar ita ce "sai an sauke inji, ringi ya tafi." Ringi, wato zoben da ke jikin fistin mai riƙe matsin iska, ba ya mutuwa dare ɗaya. Kafin ya kai ga hana babur tashi, sai an yi watanni ana ganin shuɗin hayaƙi a salansa, baƙin mai yana raguwa, ƙarfi yana ja baya a hawa. Babur ɗin da jiya ya ɗauki buhu biyu lafiya, yau da safe ya ƙi tashi, da wuya a ce ringi ne. Ɗora babban yatsa a ramin fulogi a buga kik, iska mai kyau za ta ture yatsan da ƙarfi. In ba ta ture ba, zuba baƙin mai cokalin shayi ɗaya a ramin a sake gwadawa. Matsin ya ƙaru, to ringi ne ko silinda. Bai canza ba, bawul ne, kuma sau da yawa matsewa kawai ya yi. Ana saita shi ta ƙananan murafen da ke kan inji, injin yana da sanyi, tazarar kusan milimita 0.05 ce a irin waɗannan ƙananan injina, ba tare da an sauke komai ba. Haɗarin barin a buɗe inji ba kuɗin aiki kaɗai ba ne, fistin ɗinka na kamfani na iya tafiya a bar maka wanda aka goge da sanfefa.

Batun batir kuwa, mitar auna wuta ce ke yanke hukunci. Cikakke yana nuna kusan bolt 12.6, ƙasa da 12 ya yi sanyi, kuma caji yake fara buƙata. A duba fiyus da kan batir tukuna. Baburan da wutarsu ke fitowa kai tsaye daga magineto suna tashi da kik ko da batir ya mutu murus.

In ya tabbata sai an sayi kaya, je shago da ƙafarka, ka tambayi farashi a wuri biyu. Duba fulogin da aka miƙo maka, in zarensa yana da alamar ɗauri ko cikinsa da baƙin hayaƙi, tsoho ne aka wanke aka sa a sabon kwali. Ɗan zoben da ke gindin fulogin kirki ba ya zamewa da sauƙi. Kafin ka bar babur a gareji, karce alama da ƙusa a jikin CDI, kwayil, kafireta da batir, ka ɗauki hotonsu a waya a gaban mai gyaran. Duk abin da aka cire, ko an ce ya ƙone ƙurmus, ka karɓi abinka ka tafi da shi gida.