Amfilifaya a kan rediyon kamfani ko a cire rediyon gaba ɗaya? Amsa ga mai End of Discussion

Malam, ka ce Honda Accord 2004 gare ka, wadda muke kira End of Discussion, sautinta ya yi maka sanyi kuma kana son ƙara amfilifaya, wato na'urar ƙara wa sauti ƙarfi. Mai wayarin ɗinka na Sabon Garin Zariya ya ce a bar rediyon da ta zo da shi a sa konbata, wato ƙaramar na'urar da ke haɗa shi da amfilifaya, wani kuma a Kwangila ya ce a cire shi a kafa allon Android, a jona amfilifayar daga can. Kana tambaya wa za ka bi.

Duk hanyoyin biyu suna aiki. A motarka dai na fi karkata ga na Sabon Gari. Da Corolla 2005 ce a hannunka, da na ce ka bi na Kwangila.

Rediyon kamfani yakan ba kowace sifika wajen wat 15 na gaskiya, wato wanda ake rubutawa RMS. Sababbin nan na Pioneer ko Kenwood ko Sony da za ka ga an buga 50W x 4 a kwalinsu, na gaskiyarsu wajen 20 ne. Ka ga ke nan canza rediyo kaɗai ba ya kawo ƙarfin da kake nema, amfilifayar ce ke kawo shi. Tambayar ita ce daga ina za ta ɗebo sautin da za ta ƙara wa ƙarfi.

Sabon rediyo yana zuwa da ramukan RCA a bayansa, ja da fari ɗin nan. Sautin da ke fita ta nan ɗanye ne, bai bi ta ƙaramar amfilifayar cikin rediyon ba, kuma a masu kyau yakan kai volt 2 zuwa 4. Ka ja waya daga nan zuwa amfilifayar a but, shi ke nan. Rediyon kamfani ba shi da waɗannan ramukan, sai dai a ɗebo sautin daga wayoyin sifika, wanda an riga an ƙara masa ƙarfi. Aikin konbata shi ne ta rage shi ya dawo daidai da abin da RCA ke ɗauka. LOC za ka ga an rubuta a kwalinta. Wasu amfilifayoyin ma suna da nasu wurin karɓar wayar sifika kai tsaye, idan ka samu irinsu ba ka buƙatar konbata ko kaɗan. Ka tambaya kafin ka biya kuɗi sau biyu.

A wajen tsabtar sauti, sabon rediyo mai suna ya fi, ba musu. Kamfanonin mota suna gyara sautin rediyonsu ya dace da sifikun araha da suka sa, kuma a motoci da yawa kana ƙara murya rediyon yana rage bes, wato sauti mai nauyi irin na ganga, da kansa don kada sifikun su yage. Konbata mai araha abin da ta samu shi take miƙawa: ka murɗa, waƙa ta yi ƙara, amma dukan ganga ya tsaya inda yake. Akwai masu tsada irin LC2i ta AudioControl da aka yi su don su maido da bes ɗin da aka rage, sai dai kuɗinsu zai iya kamo na rediyo mai kyau.

Amma ka lura na ce mai suna. Allon Android mara suna wani abu ne daban. Da yawansu allon suke sayarwa, ba sauti ba. RCA ɗinsu ba shi da ƙarfi, dole a buɗe amfilifaya sosai kafin a ji, tana buɗuwa kuma sai shuuu ɗin nan ya taso ko ba a kunna komai ba. Tsakanin irin wannan allon da rediyon Honda da konbata mai kyau, ni na Honda zan ɗauka.

Babban dalilina kuwa yana jikin dashbod ɗinka. A Accord ta 2003 zuwa 2007, rediyo da maɓallan AC fuska ɗaya suke, a haɗe aka yi su. Ba ka zare ɗaya ka bar ɗaya kamar yadda ake yi a Corolla, inda kusoshi kaɗan ne ke riƙe da rediyon kuma sabo yana shiga gurbinsa da firem mai sauƙin samu. A taka motar, ko dai a sayo fuska ta musamman mai nata maɓallan AC, ko a bar tsohon a sama a cusa sabon a aljihun da ke ƙasa. Idan fuskar da aka sayo ta samu matsala, ba waƙa kaɗai ka rasa ba, har da sanyi, kuma ka san yadda Zariya take a watan Afrilu. Maɓallan sitiyari ma, idan taka tana da su, sai an sa musu adafta ko an saita su kafin su yi aiki da sabon rediyo.

Hanyar konbata ba ta taɓa dashbod. Sifikun bayanka, masu inci 6x9 guda biyu, kana buɗe but za ka ga gindinsu a rataye a sama da wayoyinsu biyu-biyu. Daga nan ake ɗebo sautin, tafiyar waya ba ta kai kamu biyu ba zuwa inda amfilifaya za ta zauna. Ranar da za ka sayar da motar, ka kwance kayanka, mai saye ya tarar da ita yadda ta sauka daga Kwatano. Abu biyu za a kiyaye. Kada a juya fozitif da nagatif a ɓangare ɗaya, don idan aka juya, hagu da dama za su cinye juna, bes ya ɓace, ka yi ta zargin wufa, wato babbar sifikar bes. Sannan tunda daga baya aka ɗebo, duk ranar da ka maida sauti gaba daga rediyo, wufar ma za ta yi shiru.

Wannan sauƙin na mai son wufa ne kawai. Idan sifikun ƙofofi huɗu kake son amfilifaya ta tura, aikin ya ƙaru: sai an yanke wayoyin sifika a bayan rediyo, a kai sautin wurin amfilifaya, a dawo da shi zuwa ƙofofi. A nan ratar wahalar da ke tsakanin hanyoyin biyu ta ragu ƙwarai.

Akwai kuma siririyar wayar kunnawa. Sabon rediyo yana da ita, shuɗiya mai ratsin fari, ita ke ba amfilifaya volt 12 ta tashi idan an kunna rediyo, ta kwanta idan an kashe. Na kamfani yawanci ba ya ba ka ita. Ko dai a ɗauko daga fiyus ɗin da ke samun wuta idan an murɗa makulli, ko a yi amfani da konbatar da ke jin shigowar sauti ta tada amfilifaya da kanta. Abin da ba za ka yarda da shi ba shi ne a haɗa ta da wayar da ke da wuta kullum. Amfilifaya za ta kwana a kunne, da asuba ka fito neman masu turi.

Inda sabon rediyo ya yi wa na kamfani fintinkau shi ne Bluetooth da USB, waɗanda motar 2004 ba ta san da su ba. Ga kuma matsalar motocin da aka ƙera don Amurka: a zangon AM rediyonsu tsallen 10 kHz yake yi, tashoshinmu kuwa a kan tsallen 9 suke, shi ya sa Nagarta da ke kan 747 ba ta zama daram. Idan waɗannan ne ke damunka fiye da ƙarfin sauti, to maganar ta canza, je ka Kwangila, amma ka sayi mai suna.

Ko wacce ka bi, wayar wuta ɗaya ce, kuma nan ne ake ƙona mota. Amfilifaya daga batir take shan wuta kai tsaye. Fiyus ya zauna kusa da kan batir, kada ya wuce santimita 45, domin wayar yake karewa. Idan aka kai shi but, duk tsawon wayar da ta ratsa ƙarƙashin kafet ba ta da kariya. Inda ta huda ƙarfen da ya raba inji da cikin mota a sa mata roba. Ta nagatif gajera ce, a kankare fenti har ƙarfen jikin mota ya fito fes kafin a ɗaure ta. Wayar RCA ta bi gefe ɗaya na mota, ta wuta ta bi ɗaya gefen. Yawancin kukan nan da ke tashi idan ka taka totur daga nagatif mara kyau yake zuwa, ko daga haɗa wayar RCA da ta wuta wuri ɗaya.

Ka sa a yanke maka bakin wayar a shago ka gani da idonka. Idan ka kankara ka ga fari a ciki, alminiyam ce aka yi wa rufin jan ƙarfe, kuma ba ta ɗaukar wuta kamar ta jan ƙarfe zalla mai kauri ɗaya. Wata ma robar ce mai kauri, zaren ciki bai taka kara ya karya ba. Araha dai ba ta ado. Waya mai kaurin lamba 8 ta gaske ta ishi amfilifaya mai wat 300 zuwa 400, sama da haka lamba 4, wadda ta fi kauri.

Lissafin wutar ba wuya. Amfilifaya nau'in Class D, mai tsimin wuta, mai wat 300 na gaskiya tana jan amfiya 27 ko makamancin haka idan an ƙure ta. Altanetar ƙananan motoci yawanci tsakanin 70 da 110 take, kuma AC da fitilu da fanka suna cin nasu. 300 ba matsala. Mai 1000 na gaskiya kuwa za ta nemi wajen 90, a nan ne za ka ga fitilu suna lumshewa duk lokacin da ganga ta sauka. Kafasita, na'urar da ke ɗan adana wuta, ba ta ƙirƙirar wuta, kada a sayar maka da ita a matsayin magani. 5000W PMPO da ke jikin kwali kuwa adadin talla ne, ba na gaskiya ba, ka duba fiyus ɗin jikin amfilifayar: idan na amfiya 20 ne, ba za ta iya ba ka ko wat 300 ba. Class D ta fi wani nau'in, Class AB, rashin zafi, abin dubawa ne ga kayan da za su wuni a but a rana. Kada a binne ta a ƙarƙashin kafet, kada a jingina mata buhun masara.

Maɓallin da aka rubuta GAIN ba na ƙara murya ba ne, na daidaita amfilifaya da ƙarfin abin da ke shigo mata ne. A kai rediyo wajen kashi uku cikin huɗu, a ɗaga shi a hankali har sauti ya fara tsagewa, a dawo baya kaɗan a bar shi. Yaran shago suna son ƙure shi don a ji su daga unguwar PZ, kuma tsagaggen sauti shi ke dafa sifika.

Ba ka faɗi abin da ka fi saurare ba. Idan karatu ne da tafsiri da labaran BBC a hanyar Kaduna, wufa ba za ta ƙara maka komai ba, murya a sifikun gaba take. Na motarka sun haura shekara 20, wataƙila bakin takardarsu ya riga ya ruɓe. Ka sa a buɗe ƙofa ɗaya a duba, inci 6.5 ne, ana samunsu. Idan an canza su har yanzu bai ishe ka ba, sai a kawo konbata da ƙaramar amfilifaya.