Wardi Mai Gansakuka: Na Kufai, Na Aure, Ko Mai Saiwar Kansa?

A tsofaffin kufai na arewacin Amurka da Kanada, inda gida ya rushe shekara da shekaru, sau da yawa wardi ne kaɗai ke saura a bakin ƙofa. Daga cikinsu akwai wanda ake kira mai gansakuka, saboda gashi mai danƙo da ke rufe ƙunshin furen da wuyansa. Asalinsa Turai ne, an san shi tun wajen ƙarshen ƙarni na 17, kuma shukar ƙasar sanyi ce: tana buƙatar hunturu kafin ta yi fure sosai. Mai son shukawa a Kano ko Maraɗi ya sani cewa akwai wata ƙaramar ciyawa mai yaɗo, Portulaca grandiflora, da 'yan kasuwa ke sayarwa da suna iri ɗaya a Turance, wato moss rose. Ita ce mai jure zafinmu, amma ba wardi ba ce.

Kafin a sayi komai, a murza ƙunshin furen da yatsa. Idan gashin kore ne mai laushi, ya bar danƙo da ƙamshin ƙaro a hannu, dangin centifolia ne. Idan ruwan ƙasa ne mai ɗan kaushi kamar ƙananan ƙayoyi, jinin damask ne. Ganye kaɗai ba ya isa shaida, don haka lokacin fure, wato Yuni zuwa farkon Yuli, shi ne lokacin dubawa.

Common Moss shi ne tsohon iri, ruwan hoda, gansakukarsa ta fi cika, kuma fure sau ɗaya yake yi a shekara. William Lobb, wanda Laffay, mai samar da irin wardi, ya fitar a Faransa a 1855, ya fi dacewa da mai fili: yana wuce mita 2, rassansa na faɗuwa sai an ɗaure su a shinge, furensa shunayya ne da ke komawa ruwan toka. Nuits de Young na 1845 ya fi duhu, bai cika wuce mita ɗaya da 'yan kai ba. Wanda ke son fure ya maimaitu ya nemi Salet na 1854 ko Alfred de Dalmas na 1855, amma gansakukarsu ba ta kai ta Common Moss ba. Chapeau de Napoléon kuwa tukku ne kawai a gefen ƙunshin, kada a biya kuɗinsa da zaton cikakkiyar gansakuka.

Babban zaɓin yana wajen saiwa. Dashe mai aure, wato wanda aka haɗa reshensa da gindin wani wardi dabam, ya fi girma ranar saye, ya kan yi fure da wuri, amma rauninsa na mahaɗar. In sanyi ya kashe saman, gindin ne zai toho, kuma a Amurka gindin yawanci irin wardin da ake kira Dr. Huey ne, mai jan fure mai duhu, ba gashi. Wannan ne ya sa da yawa daga wardin da ake gani a kufai ba abin da mai gidan ya shuka ba ne. Wanda ya sayi mai aure ya binne mahaɗar santimita 5 zuwa 10 a ƙarƙashin ƙasa, ya kuma fizge duk tsiron da ya fito daga ƙasanta tun daga tushe. In an yanke shi da almakashi, biyu ko uku ne ke dawowa.

Mai saiwar kansa ƙarami ne, sai shekara biyu zuwa uku yake cika ido, amma ko sanyi ya cinye shi har ƙasa, irinsa ne zai sake fitowa. A ƙasar sanyi mai tsanani, shi ya fi cancantar kuɗi.

Na kufai kyauta ne, da izinin mai filin, kuma ya riga ya nuna juriyarsa. A sa alama a gindin da aka ga furensa, a dawo ƙarshen kaka ko farkon bazara, a haƙo ɗan tsiro mai kaurin fensir tare da saiwarsa, a rage samansa zuwa santimita 20. Yankan reshe ma yana kamawa, sai dai ya fi asara a wannan dangi. A guji duk gindin da rassansa suka yi cunkus kamar tsintsiya, jajaye, da ƙaya fiye da kima. Alamar cutar rosette ce, ba ta da magani, kuma tana bazuwa.

A dasa inda rana ke kaiwa awa 6, da tazarar mita ɗaya da rabi don iska ta ratsa, domin farin fumfuna da darɓa na son ɓuya cikin gashin. Furen mai cika yana ruɓewa a ƙunshe idan ruwan sama ya daɗe a kansa. Masu fure sau ɗaya kuma a kan tsohon reshe suke yi, saboda haka a yi musu sassabe bayan furen ya zube, a cire kashi ɗaya cikin uku na tsofaffin rassa daga gindi. Wanda ya datse su a farkon bazara ya yanke furen shekarar.